Rufi, wayar wuta da rajista: inda kuɗin gidan tarihi ya kamata ya fara zuwa

A daren Lahadi 2 ga Satumba 2018 wuta ta tashi a Gidan Tarihin Ƙasa na Birazil da ke Rio de Janeiro, wata uku bayan bikin cikarsa shekara 200. Kaya kusan miliyan 20 ke cikinsa, har da muryoyin da aka naɗa na wasu harsunan ƙabilun asali waɗanda yau babu mai magana da su. Da 'yan kwana-kwana suka iso, famfunan kashe gobara biyu da suka fi kusa da ginin babu ruwa, sai da aka koma ɗibo daga wani tafki. Ginin ba shi da bututun da ke yayyafa ruwa daga silin. Daga baya binciken 'yan sandan tarayya ya gano cewa wutar ta soma ne daga na'urar sanyaya ɗaki a zauren taro na ƙasa. Na'urori uku aka rataya a kan makatsin wuta ɗaya, alhali kowacce na buƙatar nata, kuma ba a ja musu wayar da ke sauke wuta cikin ƙasa ba.

Duk wanda ke aiki a gidan ya san halin da ake ciki tun kafin ranar. Gara ta cinye dandamalin da aka ɗora ƙwarangwal ɗin wata katuwar dabbar zamanin da, aka rufe ɗakin, har ma'aikata suka koma roƙon gudummawa ta intanet don a sake buɗe shi. A watan Yuni na shekarar an sa hannu da bankin raya ƙasa na Birazil kan kuɗin gyara, kusan riyal miliyan 22 na kuɗin ƙasar, da tanadin kariya daga gobara a ciki. Wutar ta riga kuɗin isowa. Bayan gobarar kuwa alƙawura suka yi ta zuba daga gwamnati da kamfanoni da ƙasashen waje. Ihu bayan hari.

Ra'ayina a kan wannan batu ɗaya ne, kuma ya shafi gidajen tarihi da sauran ƙungiyoyin da ba sa neman riba baki ɗaya: gwamnati da masu bayarwa sun saba biyan kuɗin abin da ake gani, suna guje wa kuɗin abin da ke riƙe da shi. Ya kamata a juya tsarin. Kuɗin farko ya tafi ga rufi da waya da albashi da rajistar kaya, a ba da shi na shekaru da yawa a jere, ba tare da an ɗaure shi da sharaɗin wani sabon shiri ba. Sabon gini da baje koli su jira abin da ya rage.

Mai yawon kallo ba ya ganin inda kuɗin gidan tarihi ke tafiya, domin a manyan gidaje abin da aka baje kaɗan ne ƙwarai cikin abin da ke rumbu. Rumbun nan shi ne mai cin kuɗi. Ƙa'idar da manyan gidajen tarihi suka amince da ita ga yawancin kaya ita ce danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 40 da 60 cikin ɗari, zafi kuma tsakanin digiri 16 da 25 a ma'aunin Salshiyos. Da danshi ya haura kashi 65 zuwa 70 ya daɗe a haka, fumfuna ta fito a kan fata da takarda da tufa. In ya faɗi ƙasa sosai, itace da hauren giwa su tsage. Hawa da saukar ma ya fi kowanne ɓarna, shi ya sa na'urar sanyaya ɗaki da ake kunnawa da rana a kashe da dare don rage kuɗin lantarki kan yi lahani fiye da a ce babu ita sam: itacen ya kumbura ya motse kullum har fentin da ke kansa ya ɓantale. Tagullar da aka tono daga ƙasa tana son bushewa fiye da sauran kaya, in ta sha danshi sai wani koren gari ya fito yana cin ta daga ciki. Takarda da tufa ba sa son hasken da ya wuce luks 50 a ma'aunin ƙarfin haske, zanen fentin mai kuma luks 200, kuma launin da haske ya koɗar ba ya dawowa.

Ƙwari ma da nasu lissafin. Ana ɗana tarko mai danƙo a kusurwoyi da bakin ƙofa, a riƙa dubawa a kan kari ana rubuta abin da ya kama, don a san ko asu ne ko ƙwaron itace, a kuma san ta ina yake shigowa. Kayan da ya kamu ana naɗe shi a leda a rufe ruf, a sa a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri har mako guda, sannan a bar shi ya huce a hankali cikin ledarsa kafin a buɗe, don kada raɓa ta kwanta a kansa. Babu wani abu a nan da ya fi ƙarfin ƙaramin gida. Abin da yake buƙata shi ne mutum mai albashi wanda aikinsa ke nan wata bayan wata, da wutar da ba ta yankewa, da wanda zai hau ya share indararo kafin ruwa ya sauko. Indararo ɗaya da ganye ya toshe ya isa ya jiƙa bango, bangon ya jiƙa kanta, kantar ta ruɓar da abin da aka shekara ɗari ana tattalinsa.

To me ya sa wannan kuɗi ke wuyar samu? Kasafin gwamnati kashi biyu ne, na manyan ayyuka da na ayyukan yau da kullum. Na farko yana da ranar buɗewa da allon suna a bango, ana kuma kashe shi sau ɗaya a wuce. Na biyu yana dawowa kowace shekara, kuma shi ake fara yanka in aljihu ya matse, tunda rufin da aka ƙi gyarawa bana ba bana zai rufta ba. Birtaniya ta ga sakamakon haka bayan ta kafa cacar ƙasa a 1994 ta ware wani kaso na kuɗin ga al'adu, wanda a farkon shekarun yawancinsa gine-gine ya tafi. A Sheffield an kashe kimanin fam miliyan 15 aka gina cibiyar tarihin waƙoƙin zamani, aka buɗe ta a 1999 da lissafin cewa mutum 400,000 za su riƙa zuwa a shekara su biya kuɗin shiga. Ba su zo ba. A 2000 aka rufe ta, ginin ya koma hannun wata jami'a. An tanadi kuɗin ginawa, kuɗin tafiyarwa kuwa aka jingina shi ga hasashe.

Lissafin da ake ɓoyewa a irin wannan aiki ba shi da wuya. Asusun waƙafi, wato kuɗin da ake juyawa a ci ribarsa kawai, yawanci kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari ake cira daga cikinsa a shekara in ana so hauhawar farashi kada ta cinye uwar kuɗin. Ke nan sabon ɓangaren gini da zai ci miliyan ɗaya a shekara wajen wuta da masu gadi da shara da inshora yana buƙatar waƙafin miliyan 20 zuwa 25 a bayansa. Attajirin da ya ba da kuɗin gini kaɗai, ya kuma nemi a sa sunansa, bashi ya bar wa gidan. Da ni ke rubuta doka, babu ginin da za a aza wa tubali da kuɗin jama'a sai an nuna a rubuce inda kuɗin tafiyar da shi na shekara goma zai fito, kuma a raba hasashen masu ziyara biyu a ga ko lissafin zai tsaya.

Rajistar kaya ta fi rufi rashin masoya. A Agusta 2023 babban gidan tarihin Birtaniya da ke Landan ya bayyana cewa kaya kusan 2,000 sun ɓace ko an sace su ko an lalata su, yawancinsu ƙananan duwatsu masu daraja da kayan ado. Wani dillalin kayan tarihi ya yi gargaɗi tun 2021 bayan ya ga wasunsu a kasuwar intanet ta eBay, aka yi watsi da maganarsa. Shugaban gidan, Hartwig Fischer, ya sauka. Abin da ya sauƙaƙa satar shi ne da yawa cikin kayan ba su da cikakkiyar rajista, babu hoto, babu awo, don haka ko an gan su a kasuwa da wuya a tabbatar na gidan ne. Wannan gida ne mai kaya kusan miliyan 8 da suna a duk duniya. Sai bayan abin kunyar aka sanar da shirin shigar da komai cikin kwamfuta a shekara biyar, a kan kimanin fam miliyan 10.

Rajistar kirki abubuwa kaɗan take buƙata: lambar da ba a maimaita ta, a rubuta a jikin kayan ta hanyar da za a iya gogewa ba tare da lahani ba, hoto da ma'auni a gefensa, awo da nauyi, daga ina ya zo kuma ta wace hanya, sai ɗaki da kanta da akwatin da yake ciki a yau. Kwafin rajistar ya kwana a wani gini dabam. Abin da ya fi muhimmanci, kuma aka fi tsallakewa, shi ne duban ba-zata: wanda ba shi ke riƙe da makullin rumbu ba ya zaɓi lambobi hamsin daga littafi ya je ya nemo kayan, sannan ya ɗauki kaya hamsin daga kanta ya nemo su a littafi. In mai makulli shi ne mai gyara rajista, sai ya share layi ya ɗauke abu babu mai sani. Faransa ma ta ɗanɗana nata a 19 ga Oktoba 2025, da ɓarayi suka hau ta taga da hantsi suka kwashe kayan sarauta takwas daga gidan tarihin Louvre da ke Paris, masu darajar yuro miliyan 88. Kotun binciken asusun ƙasar ta ce gidan ya fifita ayyuka masu jan ido da sayen sababbin kaya a kan gyaran gini da tsaro.

Ƙungiyoyin agaji da na raya al'umma ciwonsu ɗaya da na gidajen tarihi, sunansa kawai ya bambanta. A wurinsu ana ce masa kuɗin gudanarwa: hayar ofis, albashin akawu, binciken asusu na shekara, kwamfuta, inshora, horar da ma'aikata. Mai ba da tallafi yakan ce kuɗinsa na shiri kaza ne, kuma kuɗin gudanarwa kada ya wuce kashi 10. A ce ainihin abin da ƙungiya ke kashewa kashi 25 ne. Duk tallafin ɗari da ta karɓa ya bar mata giɓin 15 da za ta nemo a wani wuri. Ta ci tallafi goma, giɓin ya ninka goma. Haka za ka ga ƙungiya tana ƙara suna tana ƙara ramewa. Don ta ci gaba da samu sai ta fara wasa da lissafi, a raba albashin akawu a cusa cikin shirye-shirye, a nuna kashi 8 a rahoto. Mai bayarwa ya ga kashi 8 ya ɗauka haka abin yake, ya sa shi ya zama ma'auni ga kowa. Ƙungiyar da ta faɗi gaskiya ita ke zama kamar almubazzara.

Wasu manyan masu bayarwa sun gane haka. Gidauniyar Ford ta ɗaga nata kason zuwa kashi 20 a 2016. Gidauniyar MacArthur ta duba bayanan harajin dubban ƙungiyoyi, ta ga cewa masu lafiyar aljihu cikinsu suna kashe aƙalla kashi 29, ta mayar da nata haka daga 2020. Gwamnatin tarayyar Amurka ta ɗaga mafi ƙarancin nata daga kashi 10 zuwa 15 a Oktoba 2024. Ci gaba ne, amma ka dubi tazarar da ke tsakanin 15 da 29.

Akwai kuma salon biya. Gwamnatoci da yawa sai ƙungiya ta kashe kuɗinta ta kawo rasit sannan a maido mata, wani lokaci bayan wata uku ko shida. Ma'anarsa ƙaramar ƙungiya ce ke ba gwamnati rance marar riba. Da Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a Janairu 2025, ƙungiyoyin da ke aiki da USAID, hukumar tallafin ƙasashen waje ta Amurka, sun wayi gari suna bin kuɗin aikin da suka riga suka gama, har kotu ta ba da umarnin a biya kusan dala biliyan 2. Masu ajiyar ko-ta-kwana sun ɗan numfasa, marasa ita suka sallami ma'aikata cikin makonni. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce ƙungiya ta ajiye abin da zai riƙe ta wata uku zuwa shida. Amma daga ina za ta tara, in kowane tallafi ya ce rarar da ta saura a mayar, kuma masu tantancewa suna kallon ajiya a matsayin alamar ba a cikin buƙata? Ba a fafe gora ranar tafiya, su kuwa an hana su fafewa tun ana zaune.

Za a ce kuɗin da ba a ɗaure da sharaɗi ba ƙofar ɓarna ne. Maganar tana da gaskiya a ciki, ba na raina ta. Ƙungiyar Kids Company ta Landan ta rushe a Agusta 2015 kwanaki kaɗan bayan gwamnati ta ba ta fam miliyan 3. Kotu ta wanke amintattunta a 2021, amma hukumar kula da ƙungiyoyin agaji ta ce an daɗe ana tafiyar da ita da ajiya ƙanƙanuwa. Abin da na ɗauka daga nan shi ne sa ido ya koma inda haɗarin yake. Tara rasit na kowane biro ba ya kama ɓarawo, yana dai cinye lokacin ma'aikata. Abin da ke kamawa shi ne binciken asusu daga wanda ba ya cin albashin ƙungiyar, sa hannun mutum biyu a kan kowane fitar kuɗi, kwamitin amintattu da ba dangin shugaba ba ne, da buga rahoton kuɗi inda kowa zai gani. Ƙungiyar da ta cika waɗannan a ba ta kuɗin shekara uku zuwa biyar, a biya wani kaso a gaba, a bar ta ta ajiye rara. Majalisar fasaha ta Ingila tana ba ƙungiyoyin da ta zaɓa tallafi na shekaru a jere, kuma tun kafa uwarta a 1946 aka tsara cewa minista ya ware kuɗi, ƙwararru su raba. Tsarin yana da masu suka, amma ya fi a ce kowane sabon minista ya zo da jerin 'yan lelensa.

Rangwamen haraji shi ne ɓangaren da aka fi yi wa kallon kyauta alhali kuɗin jama'a ne. Dokar Faransa ta 2003 ta ba kamfani damar cire kashi 60 na abin da ya bayar daga harajinsa. A 2018 kotun binciken asusu ta lissafa cewa kamfanin LVMH mai kayan alatu ya samu ragin sama da yuro miliyan 500 ta hanyar gidauniyarsa mai gidan baje zane a Paris. Wato mai biyan haraji ya ɗauki kaso mai tsoka na ginin da ba a tambaye shi ba, kuma sunan kamfani ke kansa. Daga baya an rage kason zuwa kashi 40 ga abin da ya haura yuro miliyan 2. A Amurka, bayan sauyin dokar haraji na 2017, masu lissafa kyautarsu don samun ragi sun faɗo daga kusan kashi 30 na masu biya zuwa kusan kashi 10, kuma masu hali ne suka fi yawa cikin waɗanda suka rage. Na fi son tsarin Birtaniya a wannan fanni, inda duk fam ɗaya da mai biyan haraji ya bayar, ƙungiyar ce ke karɓo ƙarin kashi 25 cikin ɗari daga hukumar haraji. Ko wane tsari aka bi, a rubuta adadin harajin da aka yafe a cikin kasafi gefe da gefe da tallafin kai tsaye, 'yan majalisa su ga duka biyun.

Dogaro ga attajirai yana da wani farashin. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Iyalan Sackler sun shekara da shekaru suna ba manyan gidajen tarihi kuɗi, sunansu na bango, har rikici ya taso kan OxyContin, maganin kashe zafi na kamfaninsu da ya jefa mutane da yawa cikin jarabar sha. Louvre ta cire sunan a 2019, ta kafa hujja da ƙa'idarta cewa suna ba ya wuce shekara 20 a bango. Gidan Metropolitan na New York sai a Disamba 2021 ya cire nasa, bayan sulhu da iyalan. Layi biyu a yarjejeniya, na wa'adi da na damar cire suna in ya zama abin kunya, sun isa su hana wannan jan ƙafa.

In an matsa wa gida har ya rasa mafita, ido kan koma kan kayan da ke rumbu. Ƙaramar hukumar Northampton a Ingila ta sayar da gunkin Sekhemka na tsohuwar Masar a gwanjo a 2014 kan kusan fam miliyan 16 don faɗaɗa gidan tarihinta. Aka janye wa gidan shaidar cancanta, ya rasa damar neman wasu tallafi, gunkin kuma ya shige hannun wanda ba a san shi ba. Detroit ta Amurka ta fuskanci abin da ya fi haka da birnin ya kasa biyan bashinsa a 2013. Da yawa daga zanen da ke gidan fasahar birnin mallakar birni ne, masu bin bashi suka nemi a sayar, a ɗaya gefen kuma ga fanshon tsofaffin ma'aikata. Ba na jin akwai mai iya duban ɗan fansho ya ce masa zane ya fi abincinsa. Mafitar da aka samu ita ce gidauniyoyi da gwamnatin jihar Michigan da gidan da kansa suka yi alƙawarin haɗa dala miliyan 816 cikin shekara 20 don fansho, aka kuma fitar da kayan daga mallakar birni zuwa hannun amintattu.

Abin da ya fi burge ni a Detroit ya faru shekara guda kafin wannan. A 2012 mazauna gundumomi uku, Wayne da Oakland da Macomb, suka kaɗa ƙuri'a suka ɗora wa kansu ɗan ƙarin harajin gidaje na shekara goma, kimanin dala 20 a shekara ga gida mai darajar dala 200,000. Ya tara wa gidan kusan dala miliyan 23 a shekara na tafiyar da aiki, su kuma suka samu shiga kyauta. A 2020 suka sabunta. Kuɗi ne da aka san adadinsa, aka san wa'adinsa, kuma ba a hana a biya wuta da shi ba. Birtaniya ma da ta mayar da shiga gidajen tarihin ƙasa kyauta a Disamba 2001, masu ziyara a gidajen da a da ake biya sun ninka fiye da biyu cikin shekara goma. Sai dai ƙarin ƙafa ƙarin shara ne da gadi da gyaran bene, kuma in gwamnati ta hana karɓar kuɗin ƙofa, wajibinta ne ta cike gurbinsa kowace shekara gwargwadon hauhawar farashi.

Ma'aikatar da ke sakin kuɗi tana iya fara gyara ba tare da sabuwar doka ba. Kafin ta sa hannu a kan kuɗin sabon zaure ko baje koli, ta nemi takardu huɗu: rahoton injiniyan lantarki da bai wuce shekara biyar ba, rahoton duba rufi da magudanan ruwa, adadin kayan da ke da cikakkiyar rajista tare da sakamakon duban ba-zata na ƙarshe, da shaidar hukumar kashe gobara mai ɗauke da ranar da aka buɗe famfunan da ke kewaye da ginin aka ga ruwa ya fito da ƙarfi. Gidan da ya gaza kawo ɗaya daga ciki kada a hana shi kuɗin, a karkatar da shi zuwa wannan gyaran, zauren ya jira kasafin baɗi.